Zuwana Yamai Ɗauko Magaji

Ranar Talata, ƙarfe shida da kwata na safe, motarmu ta tashi daga tashar Utako. Waɗanda suka rako ni su ne Maman yara, da maƙwabcina Malam Audu tela, da Madam Talatu mai wayar haya ta ƙofar gidanmu, wadda ta biyo mu don za ta sari katin waya a kasuwa. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci tambaya, a bakin tanki tambaya: yaya hanya, yaya Yamai, ina wanda aka ce za ka zo da shi? Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Zan jera shi a nan daga farko har ƙarshe, sau ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Isiyaku mai tanki na Dutse Alhaji. Ina da rijiyar burtsatse da tankuna uku, masu garuwa da masu gini suna ɗiba. Karatuna bai wuce firamare ba. Wanda na je wurinsa ɗan farina ne. Ba na kama sunansa, mahaifiyarsa ma haka, a gida Magaji ake ce masa. Da ya gama sakandare, kawunsa Idi, ƙanin Maman yara, mai sayar da atamfa a Yamai, ya tafi da shi. Can ya koyi Faransanci, ya shiga jami'a yana karatun lissafi. Da farko yana zuwa hutu, daga baya karatu ya yi nauyi, zuwan ya yanke. Sai ga saƙo cewa zai kare kundin bincikensa a gaban malamai, kuma al'adarsu iyaye su halarta.

Ni da Maman yara ba mu taɓa zama mun ce muna kewarsa ba. Ba a yi wa ɗan fari haka. A tasha ta miƙo mini ƙullin leda ta ce, "Wannan a kai wa Idi." Dakuwa ce, kuma kowa ya san Idi ba ya cin abin gyaɗa. Da direba ya tada mota ta matso taga, idonta a kan taya, ta ce, "In an gama abin da ake yi, ai zaman ya isa haka." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na gane aikin da aka ba ni: in dawo da shi.

Zango na farko, hanya. Mun fita gari muna kauce wa tifofin dutse na Mpape, ko'ina ka duba gini ne yake tashi. Maƙwabcina a kujera wani Bazabarme ne, Malam Hamani, mai gadin wani bene da ake ginawa a Utako. Ya rungume sabuwar rediyo a cinya, ya ƙi yarda a ɗaure ta a sama. Ya ce mini wancan zuwan da ya yi gida, 'yarsa ƙarama ta gan shi ta ruga bayan uwarta tana cewa ga baƙo. Ya faɗa yana dariya, ni ban yi ba. Bayan Tegina lagireto ya fara yoyo. Direba ya sauka ya liƙe shi da sabulu, na ce masa wannan ba gyara ba ne. Ya ce, "Baba, ko dai kai za ka ja mu?" Na ce ruwa sana'ata ce, abin da yake yoyo ba ya jin lallashi. Kafin Kwantagora muka sake tsayawa, kowa ya ba da ruwan alwalarsa aka zuba wa lagireton. A Yawuri muka ci soyayyen kifi, ƙaya ta maƙale mini, Malam Hamani ya sa na haɗiyi lomar tuwo ba taunawa, ta wuce. Muka kwana a rumfar tasha a Kamba.

Zango na biyu, iyaka. Takarduna duk na jera su a jaka tun daga gida, amma ba wanda ya gaya mini ana neman katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Jami'in can ɓangaren ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce ba kati ba wucewa. Aka kai ni wani ɗan ɗaki, wata ma'aikaciya ta ce in naɗe hannun riga. Na ce mata rabona da allura tun ina yaro. Ta ce, "To yau ka dawo yaro, Baba." Hannun ya yi kwana biyu ba na iya ɗaga shi. A Doso Malam Hamani ya sauka da rediyonsa, ya ce in roƙa masa Allah yarinyar ta gane shi wannan karon.

Zango na uku, Yamai. Idi ya tare ni a tasha yana ihu, "Mijin yaya! Ashe kana iya rabuwa da tankunan nan? Wa ka bar wa, ko ka kulle su ka zo da makulli?" Na ce masa har yanzu bai yi hankali ba. Ga abubuwan da na gani da suka saba wa namu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ba leda, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau keke. Da rana tsaka gari yake mutuwa, ofis da kanti duk a rufe, sai la'asar ta gabato. Mu a Abuja wanda ya rufe shago da azahar sai a je gaishe shi. Shayinsu a ɗan kofin gilas ne, zagaye uku, ba mai tashi sai an gama. Dambunsu da zogale ya fi namu, wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba, na ga dattijo da furfura ya rungume ƙaton ɗansa a bakin titi har da sumbatar kumatu. Na kau da kai.

Magaji ya zo gidan Idi bayan azahar. Ya yi tsawo, ya tara gemu, ga tabarau. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Kana lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba." Na ce, "To madalla." Na lura takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya, irin yadda nawa yake yi. Idi ya ce, "Shekara nawa ba ka gan shi ba, abin da za ka ce ke nan? Ko ɗan tasi ka fi yi wa magana." Na ce ya kawo mini ruwa.

Da la'asar muna tsakar gida na ce, "Idi, tambaye shi, wai me ya rubuta a kundin nan da har sai an taso mutum daga wata ƙasa?"

Idi ya juya ya ce, "Wai an ce a tambaye ka."

Magaji ya yi murmushi ya shiga kicin. Ya fito da kwanoni uku da ludayi da jug ɗin sobo na Hajiya Zara, matar Idi. Ya cika kwano na farko da sobo, na biyu da na uku da ruwa fari. Sannan ya fara: ya ɗebi ludayi ɗaya daga na uku ya zubar, ya ɗebi ɗaya daga na biyu ya sa a na uku, ɗaya daga na farko ya sa a na biyu, ya ƙara wa na farko ludayin ruwa fari, ya dama kowanne. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Tsarin ya burge ni, ba tsallake. Muna kallo na farko ya fara kodewa. Na biyu ya yi ja, ya kai iyakarsa, ya fara baya. Na uku ya daɗe kamar ba abin da ya same shi, sai can ya soma ja, lokacin na farko ya kusa zama fari.

Ya ɗauko takarda ya rubuta layi uku, kowane kwano da nasa. Ya ce, "Kawu, layin nan ba ya faɗin yawan sobon da ke kwano. Yana faɗin saurin da yake canjawa. Na farko, gwargwadon jan da ke ciki gwargwadon wanda yake fita, in ya ragu fitar ma ta ragu. Na biyu, abin da yake samu daga na farko a cire abin da yake ba na uku. Haka na uku. Shi ya sa ba a warware layi ɗaya shi kaɗai, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. In ka warware su tare, za ka san yadda kowane kwano zai kasance a kowane lokaci, tun kafin ka taɓa ludayi."

Na ce, "Idi, tambaye shi, in an ninka sobon fa?"

Wannan karon bai jira Idi ba. Ya ce, "Jan kowane kwano zai ninka, Baba, amma lokacin da na uku zai kai iyakarsa ba zai gusa ba. Shi ya sa ake ce wa irin wannan lissafi miƙaƙƙe. Kuma in kwanonin ba girmansu ɗaya ba, wanda ya fi jinkirin wanke kansa shi ne yake yanke tsawon jiran." Ya ce layukan nan su ne dai ake bi a san yadda magani yake tafiya daga ciki zuwa jini zuwa fita. Nasa binciken a kan tafkunan ban ruwa ne na lambuna, masu zuba wa juna, inda kanwa take taruwa ta ƙone albasa. Manomi yana so ya san ruwan daɗi nawa zai saka, kuma yaushe tafkin ƙarshe zai yi kyau.

Nan na tuna wata shekara da maganin ruwa ya yi yawa a tankina na farko. Na saki famfo, na farko ya washe, na ce an gama. Washegari na uku ya ɗauki wari, masu garuwa suka dawo mini da ruwa. Na daɗe ina juya abin ban gane ba. Na ba Idi labarin. Magaji ya ce, "Ina nan ranar, Baba. Ita ce ta fara sa ni tunanin." Na gyara hulata.

Idi ya ce, "To yaushe jan zai ƙare duka?"

"A lissafi ba ya ƙarewa, Kawu. Raguwa yake ta yi har ido ya daina gani."

Hajiya Zara daga ƙofar kicin ta ce, "Nawa sobon dai ya ƙare, kuma na baƙi ne."

Zango na huɗu, ranar da na je dominta. Jami'ar tana hayin kogi. Idi ya sauke ni ya wuce karɓo gasasshen rago da lemo, don a can dangin ɗalibi ne suke ciyar da mahalarta. Ɗakin taron ya cika da abokan Magaji. A gaba dogon tebur, malamai huɗu a zaune. Magaji ya tashi ya yi bayani da Faransanci, ko kalma ban ji ba, amma da aka haska layukan a bango na gane su, na san wanne ne kwano na farko. Malamai uku suka yi tambayoyinsu a hankali. Sai na huɗu, wani siririn tsoho mai farin gashi. Ya buɗe kundin, ya buga shi da tabarau, ya ɗaga murya. Yana juya hannu a iska kamar mai dama koko, yana girgiza kai. Magaji ya fara amsa, tsohon ya katse shi. Ya sake farawa, ya sake katse shi. Yaron yana share gumi, ya je allo ya rubuta, tsohon ya harɗe hannu yana kallonsa. Daga nan shugabansu ya faɗi wata magana, kowa ya miƙe, aka fitar da mu duka har da Magaji, aka rufe ƙofa.

Na tsaya a baranda na auna abin a jere. Na ɗaya, a wurinmu in babba ya yi maka irin wannan faɗa a gaban jama'a, aikinka ya ƙare. Na biyu, an kore mu an rufe ƙofa. Na uku, ga Magaji can ƙarshen baranda shi kaɗai, ya juya baya, abokansa suna magana ƙasa-ƙasa. Na yanke cewa ya faɗi. Ban je wurinsa ba. Uba ba ya tsayawa a kan ɗan farinsa a cikin mutane, balle ranar kunyarsa. Na ce bari in ba shi wuri. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma a ƙarƙashin tausayin na ji ƙirjina ya yi sauƙi, don wanda ya faɗi ba shi da sauran abin zama.

Na fita ƙofar makaranta na sami shagon waya, na ba da lambar Madam Talatu, wadda Hausarta ba ta raba namiji da mace.

"Oga Isiyaku! Kai ne? Ka isa? Mama ya shiga ciki, tsaya, ga shi nan ya fito!"

Da na ji muryar Maman yara na ce, "Ki sa a share ɗakin nan na waje. Mu biyu ne."

Ta ce, "To." Kafin in ajiye na jiyo Madam Talatu tana shelanta wa layi, "Magaji tana zuwa! Magaji tana zuwa!"

Ina dawowa na jiyo tafi da guɗa. Idi ya tare ni da tire a hannu ya ce, "Ina ka shiga, mijin yaya? An neme ka har banɗaki!" Ashe al'adarsu ke nan. Ana fitar da kowa ne malamai su yi shawara, sannan a kira mutane, kowa ya tsaya a tsaye, a karanta sakamako. An karanta, ya ci da yabo mafi girma da suke bayarwa. An ce ina mahaifinsa, aka duba ba ni, Idi ya fita a madadina ya sha hannu da malamai. Abin da na tsallake ƙasa don in gani, an yi shi ina shagon waya.

Tsohon nan mai faɗa ya nufo ni, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ashe yana jin Hausa, irin ta mutanen Tawa. Ya ce, "Kai ne baban? Na matsa shi in ga ko shi karye. Na ce mai tafki ba kwano ba ne, babu mai dama shi, kanwa ƙasa take kwanciya. Bai yi gardama ba, ya ce gaskiya ne, ya raba kowane tafki sama da ƙasa, layi uku suka koma shida, nan take." Ya ce yana da aiki a lambunan bayan Agadas, shekara uku, kuma ya daɗe yana neman wanda zai tafi da shi. Ya ce, "Ka ba ni shi."

Na dubi Magaji, yana kallon ƙasa, amma na ga yadda ya riƙe kundin a ƙirji. Na ce, "Na ba ka. Allah ya yi albarka."

Da yamma na koma shagon waya. Madam Talatu ta ce Mama ya tafi kasuwar Dutse sayen labule, mai fenti ma ya zo. Ta ce in ba da saƙo. Na ce babu saƙo, gaisuwa ce. Irin wannan magana ba a bar wa maƙwabta.

Zango na biyar, dawowa. Magaji ya ɗauko mini jaka har mota. Da zan shiga ya ce, "Baba, a gaya wa Mama dakuwar ta iso." Na ce, "Ta Idi ce." Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Ina da maganganu da yawa, na shirya su tun daga gida. Abin da ya fito shi ne, "Ka riƙa sallah a kan lokaci." Ya ce to. Motar ta tashi, ya tsaya a wurin har muka sha kwana. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, ko lagireto bai yi yoyo ba.

Na sauka Dutse Alhaji bayan la'asar. Malam Audu ya bar kekensa ya taso, mutanen layi suka fito, kowa yana leƙen bayan ɗan acaɓa. Maman yara tana bakin ƙofa da sabon mayafi. Ta dubi bayana sau ɗaya, ta karɓi jakar ta ce, "Sannu da hanya." Sai da na yi alwala na ci abinci, sannan ta ce, "Ya ci jarrabawar?" Na ce ya ci, na gaya mata komai, har da shagon waya. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai dama karatu aka tura shi." Ta tashi ta kwashe kwanuka. Ɗakin yana nan da shuɗin fenti da sabon labule. Kullum da safe tana buɗe shi ta share, ta ce saboda gara.

Wannan shi ne labarin, ban rage ba ban ƙara ba. Yanzu ina da roƙo biyu ga duk wanda ya karanta. Na farko, in kun haɗu da ita a kasuwa ko gidan suna, ku gaishe ta ku wuce, kada ku tambaye ta yaushe baƙonta zai iso. Mai tambaya ya same ni a bakin tanki. Na biyu, a cikinku akwai masu 'ya'ya da surukai a ofisoshin garin nan. Gari ne da ake ta gina madatsun ruwa da manyan tankuna masu zuba wa juna, ba za a rasa inda ake bukatar mai wannan lissafi ba. Wanda ya ji labarin irin wannan aiki, ko bana ko baɗi ko bayan shekara uku, don Allah ya zo ya gaya mini ni kaɗai. Ba zan sake sa a share ɗaki ba sai na ga ƙafarsa a cikin mota.